Rigar da Yaya Ta Rage

Yayata tela ce, ni kuma zare nake sayarwa. Shagona yana manne da nata a ƙarƙashin wani tsohon bene, bango ɗaya ya raba mu, shi ma na katako, har in ta yi tari ni ke ce mata sannu daga inda nake zaune. Mun fi shekara talatin a haka. Ita da kekenta da almakashinta da dutsen guga, ni da kwalayen zare da maɓallai da zif da allurai. Ita ce babbar mai cinikina, kuma ita kaɗai ce ba ta taɓa yaba kayana ba. Kullum zarena ya cika tsinkewa, kullum kuma shi take saye.

A duk layinmu ba mai kiranta da sunanta. Kalmasa ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. In ka kawo yadi a ɗinka wa yaro riga, Yaya ba za ta yanke ragowar tsawon ta yar ba. Sai ta naɗe shi ta ciki, ninki biyu, wani lokaci uku, ta bi shi da ɗinki mai sauƙin farkewa. Gefe da gefe ma ta bar yatsa biyu-biyu. Ranar da yaro ya ƙara tsawo ka dawo da rigar, ta warware maka ninki ɗaya ba ko kwabo. In ka yi ƙorafin gindin rigar ya yi nauyi, sai ta dube ka ta saman tabarau ta ce, "Yaron naka tsayawa zai yi? A bar wa girma wuri."

Ɗana na biyu ya shiga aji ɗaya da wani shuɗin wando na ɗinkinta, da shi ya gama firamare. Kafin nan ƙafar wandon ta zama launi uku, don duk ninkin da aka warware ya fi na samansa duhu. Ni kaina rigar da ta ɗinka mini ina amarya sai da ta bar wuri a gefe. Na yi fushi, ta ce ta san danginmu, ƙiba na nan tafe. Ba ta yi ƙarya ba, har yau rigar na shigata.

Abu ɗaya take jin tsoro a sana'arta, shi ne yanka. Takan shimfiɗa yadi a tebur, ta zana da alli, ta goge, ta sake zanawa, ta zagaya teburin, ta leƙo shagona ta nemi abin da ba ta bukata, kafin ta koma ta ɗauki almakashi. Ɗinki, in ji ta, ana farke shi a sake. Abin da ka yanke kuwa ya tafi ke nan. Na daɗe ina yi mata dariya a kan wannan, ban taɓa tunanin wata rana zai kai mu ga rigima a kan ran mutum ba.

Autarta malamar makarantar yara ce, tana auren wani direban motar kai kaya, yaro mai kunya wanda ba ya iya kallon Yaya ido da ido. Suna haya a hawa na biyu, layi biyu daga shagonmu, ciki da falo da ɗan baranda inda suke shanya. A nan Auta ta dawo da 'yarta ta fari daga asibiti. Yarinya ce 'yar mitsitsiya, fuska zagaye, ido biyu tsili-tsili. Yaya na ganinta ta ce, "Wannan ai maɓalli ce." Sunan ya bi ta.

Kwanakin farko kowa murna yake, ba wanda ya lura. Ni ce na fara ganin Auta tana cizon gefen zanenta duk lokacin da za ta ba da nono. Maɓalli takan kama da zafin nama, amma kan nonon kawai take kamawa, ta ɗan ja, ya suɓuce, ta sake kamawa. Bakinta na wata 'yar ƙara, cak, cak, cak. Ta daɗe a haka har ta gaji ta yi barci, kafin a gyara mata shimfiɗa ta farka da kukan yunwa. Kan nonon Auta ya tsattsage har yana jini. Autar da a da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma zaune a kusurwar gado, ido ya faɗa, gashi ba gyara, tana tambayar kowa ko ita ce ba ta iya ba.

Wata rana da hantsi Yaya na tsaye tana ninke kayan jaririyar, falon ya yi tsit, sai ƙarar nan ta fito fili. Cak, cak. Na ga hannun Yaya ya tsaya a kan rigar da take ninkewa. Ba ta waiwaya ba. Ta ajiye rigar a hankali, ta ce ta bar dutsen guga a kunne, ta fita. Ni na kulle shagon nan da ita, na san ba ta bar komai a kunne ba.

Ni na raka Auta asibiti awon jarirai. Wata nas ce ta karɓe mu, mace mai jiki, tabarau rataye a wuya. Ta ɗora Maɓalli a sikeli, ta duba, ta sake dubawa. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta jawo kujera ta ce Auta ta shayar a gabanta, ta zauna tana kallo kamar ba ta da wani aiki. Sannan ta sa safar hannu, ta ɗaga harshen yarinyar da yatsa, ta ce mu matso.

A ƙarƙashin harshen akwai wani siririn tantani fari, ya taho har kusa da baki ya riƙe harshen ƙasa. Da yarinyar ta yi kuka sai tsakiyar kan harshen ya lotsa ciki, gefe biyu suka ɗaga.

"Linzami ne," in ji nas. "Harshen ba ya iya fitowa ya naɗe nono ya tatso. Shi ya sa take tauna ki, ita kuma ba ta ƙoshi."

Auta ta ce, "Ke nan ba daga ni ba ne?"

"Ba daga ke ba ne, 'yata. Amma ba duk mai linzami ake taɓawa ba. Da yawa suna shan nononsu lafiya, mu ƙyale su. Bari mu fara gyara riƙon tukuna."

Ta koya mata yadda za ta kwantar da yarinyar a jikinta, yadda za ta jira bakin ya buɗe sosai. Muka koma gida muka yi ta gwadawa. Da muka dawo sikeli bai motsa ba, ciwon ma bai ragu ba. Sai ta tura mu wajen likitar yara, wata siririya mai magana ƙasa-ƙasa. Likitar ta duba, ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce ba ranar haihuwa ke faɗin lokacin wannan aiki ba, shan nono ke faɗi. In yaro na sha yana ƙaruwa, sai a jira a gani. In an gyara riƙo ya ƙi, yaro na ramewa uwa na shan wahala, to yanzu da yake ɗanye ne lokacin. Tantanin siriri ne, a ɗan datse shi da almakashi, jini kaɗan, nan take a mayar da yaro kan nono. In aka bari ya yi wayo ya yi ƙarfi, ba zai tsaya ba, yawanci sai an sa shi barci a ɗakin tiyata. Kafin nan kuma nonon da ba a tsotsewa yadda ya kamata janyewa yake yi.

Auta ta fito da murmushin da na kwana biyu ban gani ba. Muka biya ta shago don mu gaya wa Yaya, mijinta Direba ma ya same mu a can. Yaya na kan keke, ta saurara har ƙarshe ba ta ɗaga ƙafa daga mataki ba. Da Auta ta ambaci almakashi sai keken ya tsaya.

"Almakashi," in ji ta. "A bakin yarinyar da ko wuyanta bai tsaya ba."

"Mama, likita ta ce ɗan kaɗan ne."

"Duk mai yanka haka yake cewa. In hannu ya zarce fa? Da me za ki mayar? Ku bari ta yi ƙwari. Abu ne na fata, yana girma yana saki. Ba ki ga yadda fatar cikinki ta saki ba?"

Na ce, "Yaya, da me za ta yi ƙwarin, tunda ba ta ƙoshi?"

"Ke Mai Zare, ki tsaya a zarenki."

Direba ya sosa ƙeya ya dubi ƙasa ya ce ai Mama ta fi mu sani, a ɗan ƙara mata lokaci. Auta ta dubi mijinta, ta dubi uwarta, murmushin ya tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar nan. Na koma shagona na yi ta jera kwalaye da ƙarfi don ta ji ta bango.

Amma fushina bai yi nisa ba, domin na san abin da su Auta ba su sani ba. Mutane sun san Yaya da 'ya'ya uku. Ni na san huɗu ta haifa.

Na farkon namiji ne. Lokacin tana da ƙuruciya, ba ta daɗe da koyon ɗinki ba, suna zaune a ɗaki ɗaya a gidan dangin mijinta, keken ɗinki na haya a bakin taga. Yaron ya zo da ƙibarsa, kyakkyawa. Sai ya kasa shan nono. Ya kama ya saki, ya kama ya saki, ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe. Ba wanda ya ɗaga harshensa ya duba, ba mu ma san ana dubawa ba. Matan gidan suka ce nononta ne ba shi da kyau, ai ga shi yaro na gudunsa. Aka yi ta ba ta jiƙe-jiƙe. Aka ce ta yi haƙuri, in ya ƙara kwana zai iya. Ta yi haƙurin. Tana ɗura masa abin da ta samu da cokali, rabi a ciki rabi a ƙirji. Yana cikin watanninsa na farko zawo ya same shi a rame, bai daɗe ba. Ni na tafi da kayansa gidanmu don kada ta riƙa gani, amma riga ɗaya ta hana ni ɗauka.

Bayan shi ta haifi uku, duk suka sha nono suka yi ɓul-ɓul. Wannan bai wanke ta a wajen kanta ba. Takan ce da na farkon nononta bai nuna ba ne, ita ce ta cuce shi. Daga baya ta daina cewa komai. Shekara da shekaru ko sau ɗaya ba ta ƙara ambatonsa ba, ni ma ban tayar ba.

To, aka shiga jira. Kada wani ya ce Yaya ta naɗe hannu, don ban taɓa ganin ta yi wa wani hidima irin wannan ba. Ta ɗinka wa Auta matashi mai lanƙwasa na ɗora jaririya. Ta sayo ƙaramin cokali da kofi, ta tafasa su, ta zauna Auta na tatsa ita tana ɗurawa ɗigo-ɗigo. Ta bar ɗinkin mutane ya taru, masu kaya na zuwa suna zagi, ni ke ba su haƙuri. Safe da yamma tana hawa benen su Auta da ciwon gwiwarta. Duk da haka abin da ke shiga cikin Maɓalli bai kai abin da take bukata ba. Kukanta ya rage ƙarfi. Direba ya ce ai ta fara hankali, ni kuwa na tsorata, don na taɓa jin irin wannan hankalin.

Auta ta same ni a baranda tana shanya, ta ce, "Inna, da safe in na tashi rigata jiƙe take. Yanzu ba ta jiƙewa. Da nakan cika kofin nan, jiya ko rabi ban kai ba."

"Ki ɗauki 'yarki ki tafi asibiti. 'Yarki ce."

"In na tafi wani abu ya faru fa? Da wane ido zan kalli Mama? Shi ma ya ce sai da yardarta."

Ban ga laifinta ba. Mai jego da ba ta barci, ga ciwo, ga uwa ta ce a'a, ga miji ya laɓe bayan uwar, ba ta da ƙarfin da za ta yi gardama da kowa. Na ƙudura zan yi wa Yaya wankin babban bargo in ta kama mu ɓata, mu ɓata.

Washegari bayan azahar na ji keken nata na tafiya a hankali, irin tafiyar ƙaramin aiki. Na zagaya na shiga. Rana ta shigo ta ƙofa ta kwanta a kan tebur, ƙurar yadi na yawo a cikinta. Yaya na sunkuye a kan wata 'yar riga ruwan ƙwai, wadda ta ɗinka wa Maɓalli tun tana ciki. Ta juya ta bai-bai, ta zana layi da alli a gefe da gefe, tana bin layin.

Na zo da maganganu cike da baki, duk suka gudu. Na ce, "Me kike yi wa rigar?"

"Wuyan ne ke zamewa. Kafaɗarta na fitowa."

"Ragewa kike yi."

"Kamawa kaɗan."

"Yaya, rigar nan ranar da aka dawo da ita daga asibiti cif ta yi mata. Ni na sa mata."

Ta ɗaga allura, ta juya rigar, ta saita ɗaya gefen.

Na jawo kujerar masu jiran ɗinki na zauna kusa da ita. Na ce, "Shekara talatin ina jin kekenki ta bangon nan. Kayan yara dubu nawa suka bi ta hannunki, kullum ƙari kike yi. Rigar jariri nawa kika taɓa ragewa?"

Ƙafarta ta sauka daga mataki. Ta daɗe tana kallon rigar.

"Biyu," in ji ta. "Da wannan."

Wata mata ta leƙo da yadi a leda, na yi mata hannu ta koma. Yaya ta cire tabarau ta riƙe a cinya. Da ta fara magana ba ni take kallo ba, bango take kallo inda ta rataye almakashinta.

"Kin ɗauka ban ji ƙarar ba? Tun rana ta biyu na ji. Na buɗe bakinta da Auta ta shiga wanka. Harshen ya tattaro a tsakiya, kamar in an ja zare ya yi tsauri ta ƙasan yadi. Haka nasa yake. Haka nasa yake sak, Mai Zare, na sha kallonsa yana kuka, na ɗauka haka harshen jarirai yake."

"To, me ya sa kika hana?"

"Ina tsoron yankan, wannan gaskiya ne." Ta share hanci da gefen ɗankwali. "Amma in suka datse ɗan abin nan yarinya ta kama nono ta sha, to me ya kashe mini yaro? Na riga na saba da cewa nonona ne. Wannan ba yadda zan yi da shi, haka aka halicce ni. Yanzu a ce ɗan zaren da bai kai ƙumbata ba ne? Ina zaune da almakashi a gefena ina jira ya girma?"

Ban taɓa jin tausayin ɗan Adam kamar yadda na ji nata a lokacin ba. Mace mai furfura, wadda duk layi ke shakkar bakinta, ta zauna da 'yar riga a hannu tana yi mini irin wannan tambaya. Na ce mata ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, duk gidan nan ba wanda ya sani. Na ce wancan jiran ba ita ta zaɓa ba. Wannan ne take zaɓa.

Ta mayar da tabarau. Ta jawo rigar daga ƙarƙashin allura, ta ɗauki reza, ta farke gefen da ta riga ta ɗinke, zare bayan zare, ta kakkaɓe allin. Sannan ta ce in kira mata yaron nan, tana nufin Direba, ya zo da mota gobe da safe.

A ɗakin likita Yaya ce ta shige gaba, da mayafinta na fita da jaka a hammata. Ba ta zauna ba sai da ta ce, "'Yata, ina son in ga almakashin."

Likitar ba ta yi mamaki ba. Ta ɗauko shi a cikin ledarsa a rufe, ta miƙa mata. Ɗan ƙarami ne, bakinsa a dakushe, ba tsini. Yaya ta ɗaga shi sama wajen haske, ta juya.

"Ina za ki tsaya?"

Likitar ta nuna mata a kan yatsarta. "Nan zuwa nan, Mama. Iya fatar da ke da haske. Ba na kai wa nama."

"In ya yi jini?"

"Zai ɗan yi. Mu danne, ya tsaya. Da wuya ya wuce haka, in ma ya wuce muna da abin tsayar da shi. Kuma ba zan ce miki yau-yau komai zai daidaita ba. Wasu nan take, wasu sai sun koyi aiki da harshen."

Yaya ta gyaɗa kai. Ta mayar da almakashin, amma ba ta gama ba. Ta ce, "Linzamin nan ana gadonsa?"

"Yakan bi dangi, e."

"In aka bar yaro da shi, ba a sani ba, yana iya..." Ta kasa ƙarasawa.

Likitar ta dube ta, ta dube ni. Ina jin ta fahimci ba Maɓalli ake nufi ba. Ta ce, "Mama, wanda ban gani ba ba zan iya yi miki rantsuwa a kansa ba. Abin da na sani, uwa da yawa an ɗora musu laifin nono alhali nonon lafiyarsa ƙalau."

Auta na gefe tana kallon uwarta da mamaki. Ba ta tambaya ba a lokacin, sai daga baya.

Aka naɗe Maɓalli a tawul. Nas ta zo za ta riƙe kan, Yaya ta ce ita za ta riƙe, hannunta ba ya rawa. Direba ya ce zai je ya gyara fakin ɗin motarsa, ya fice, motar da ba abin da ya same ta. Auta ta juya baya ta toshe kunne. Ni na tsaya ina kallon Yaya. Ta tallabi ɗan kan nan da tafuka biyu, ta buɗe ido tar, ba ta ƙifta ba. Likitar ta ɗaga harshen, almakashi ya shiga ya fito. Yarinyar ta callara ƙara, aka danna ɗan farin ƙyalle, ya ɗauko jan da bai fi ɗigon da allura ke fitarwa a yatsa ba.

"Shi ke nan?" in ji Yaya.

"Shi ke nan, Mama."

Aka miƙa ta ga Auta. Ta yi ta lalube tana kuka, ta kama, ta saki, nas ta gyara mata kai, ta sake kamawa. Wannan karon bakin ya buɗe ya cika. Muka yi tsit muna jiran ƙarar nan. Ba ta zo ba. Sai wata daban, ƙasa-ƙasa daga maƙogwaro, ƙut, ƙut, ƙut. Auta ta saki gefen mayafin da ta riga ta kai baki za ta ciza. Ta ce, "Mama, haɗiya take."

Yaya ta ce, "Na ji." Ta ɗauki jakarta ta fita. Na same ta a kan bencin baranda tsakanin masu jiran layi, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na motsi. Na zauna kusa da ita. Wata tsohuwa da ke gefe ta taɓa ni ta ce Allah ya ba mu haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mana. Ban gyara mata ba.

Ba a rana ɗaya komai ya dawo ba. Ciwon Auta ya ɗauki lokaci kafin ya warke, nonon ma sai da aka yi ta fama, ana shayarwa ana tatsa ana komawa wajen nas, kafin ya sake kawowa. Amma sikeli ya fara motsi. Kumatu suka fito, wuya ya yi ninki. Rigar nan ruwan ƙwai ta yi mata cif, ta matse, aka ajiye ta. Direba ya riƙa gaya wa mutane ai shi tun farko ya ce a yi, muka bar shi da bakinsa.

Yaya ta koma kan kekenta da faɗanta. Ba ta sake halinta na kalmasa ba, kuma har yanzu sai ta zagaya tebur kafin ta yanka. Abu ɗaya na lura ya ƙaru. In mai jego ta kawo ɗinki da jariri a hannu, sai ta tambaye ta yadda yake shan nono, ta kasa kunne. In ta ji abin da bai yi mata ba, ba ta ba da magani, ba ta taɓa bakin yaro. Cewa take, "Ki kai shi a ɗaga harshen a duba. Makon nan, ba sai ya yi ƙwari ba."

Da Maɓalli ta fara zama, Auta ta kawo ta shago wata ranar da ba makaranta. Yaya ta jawo tsohuwar akwatin da ke ƙarƙashin teburin yanka, wadda na ɗauka ƙyallaye ne a ciki. Daga can ƙasa ta zaro wata 'yar riga fara mai ratsin shuɗi. Na gane ta tun kafin ta warware. Ɗinkin ɗan koyo ne, wuyan ya ɗan karkace. Gefe da gefe ga layin ragi na nan, gindin kuma ninki uku, ko ɗaya ba a taɓa warwarewa ba.

"Ta yayanki ce," ta ce wa Auta. "Wanda na ba ki labari."

Ta gwada a jikin yarinyar, ko kai bai shiga da daɗi ba. Ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ta ɗauki reza. Ba ta ma sha wahala ba, zaren ya tsufa, tana taɓawa yana tsinkewa da kansa. Ta buɗe gefe biyu. Ta warware ninki na farko, ta auna da ido, ta warware na biyu. Yadin da ya fito daga ciki fari ne tas, shuɗinsa sabo kamar ranar da aka saye shi. Ta goge, ta jira ya huce, ta sa wa Maɓalli. Rigar ta tsaya mata daidai gwiwa, yarinyar ta kama gindin ta kai baki.

Na ce, "Saura ninki ɗaya."

Yaya ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, ta zare rigar daga bakinta, ta shafa ninkin da babban yatsa.

"Wata mai zuwa ku dawo da ita," in ji ta. "Zan warware."